Daga Samaru zuwa Legas da zane uku da ƙarfe ɗaya

Zanena uku na naɗe su a tsohon bargo na ɗaure da igiya. Ƙarfen ne ya zama aiki. Na haɗa shi da walda daga bakin garma da sarƙar keke da na saya wajen 'yan gwangwan, tsayinsa ya kai ƙuguna. Direba ya ce abu mai tsini ba zai shiga cikin kayan mutane ba, dole na biya masa kuɗin kujera. Bayan sallar Asuba muka bar Zariya zuwa Legas, inda za a baje kolin ayyukana.

Kaduna da Abuja a gyangyaɗi na wuce su. Sai da muka hau gadar Murtala Muhammad a Jamata, Kogin Kwara ya buɗe dama da hagu, sannan dattijon da ke gefena ya yi magana. Ɗan kasuwar goro ne, Shagamu za shi. Ya ɗaga ƙyallen da na rufe ƙarfen, ya ce, "Yaro, gunki ne wannan?"

Tambayar nan na saba da ita, a gidanmu aka fara yi mini ita. Na ce, "A'a Baba, ku duba, ba fuska, ba hannu, ba siffar mai rai." Na nuna masa hoton zanena a waya, wanda na yi da shuni da jar ƙasa. Ya daɗe yana kallo, har ya ciro tabarau. Can ya ce, "Ai aska takwas ce wannan, ka wargaza ta."

Jikina ya yi sanyi. Shekara uku ina sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, inda su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, tun wurin yana kwaleji, suna cewa a haɗa dabarar Turawa da abin gida. Na karanta wannan, na rubuta shi a jarrabawa. Amma sai a cikin motar haya na ji wani ya karanta zanena da idon da yake kallon ɗinkin babbar riga da dagin da magina ke yi a bangon birnin Zazzau. Mutanenmu sun daɗe suna zane marar siffa, suna dai kiransa ado.

Bayan Lakwaja da Okene duhu ya rufa, hanya ta yi ta lanƙwasa. Gani Odutokun ya faɗo mini a rai, malamin da muke nazarin zanensa har yau, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1995 kan hanyar dawowa daga baje koli a Legas. Na riƙe ƙarfena sosai, ban ƙara runtsawa ba.

A Legas, farin bango da fitilu sun sa ayyukana suka yi mini ƙanƙanta, har na ji kunya da farko. Masu kallo suna ta tambayar abin da nake nufi. Na yi niyyar kawo dogon Turancin da na haddace, sai na tsinci kaina ina ba su labarin dattijon goro, ina kwatanta wuyan riga a ƙirjina. Zanen shunin aka saya a rana ta biyu. Ƙarfen kuwa tare muka dawo, na sake biya masa kujera.