Abin da ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tururi ya koya mini a lambu

Ranar da na fara hura wa ƙaramin kan jirgina wuta, sai ya watso mini ruwan zafi gauraye da mai a bayan hannu, ya ɗan gusa kamar taku biyu, ya tsaya cak. Na ɗauka lalatacce aka sayar mini. Har na fara neman kwalinsa in mayar da shi, sai wani dattijo da ya daɗe a harkar, wanda ya zo ganin ɗan layin dogon da na shimfiɗa a lambu, ya ce, "Yaro, lafiyarsa ƙalau. Silindojinsa ne ba su yi ɗumi ba. Tura shi gaba, ka jawo shi baya, ka bar shi ya tofar da ruwan." Na yi haka sau uku ko huɗu. A na ƙarshe ya zame daga hannuna ya kama hanya, tururi na tashi daga bututunsa.

Daga baya na gane dalili. Tururin farko da ya shiga silinda mai sanyi yakan koma ruwa nan take, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, sai fistin ya cije. Tsofaffin manyan jiragen ƙasa ma haka suke, abin da ya sa ake ganin suna feso farin tururi ta ƙasa kafin su tashi daga tasha ke nan.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wannan ba jirgin wasan yara mai batir ba ne. Yana da tukunya ta jan ƙarfe, da wuta, da fistin, da bawul, da geji mai nuna ƙarfin tururi. Nawa yana kan ma'aunin milimita 16 a madadin kowace ƙafa ɗaya, wato kusan kashi 1 cikin 19 na girman na gaske, kuma yana bin layi mai faɗin milimita 32. Wannan faɗin yana kwaikwayon siraran layukan dogo masu faɗin kusan ƙafa biyu, irin na Ffestiniog a yankin Wales na Birtaniya ko na tsaunukan Darjeeling a Indiya. Wasu sun fi son layi mai milimita 45, wanda kamfanin LGB na Jamus ya yaɗa a lambuna tun daga 1968. Akwai jiragen da ke cin kwal, akwai masu lagwani da ke cin sifirit, nawa dai iskar gas ta butan yake sha.

Abu na farko da ya zauna mini a kai shi ne jirgin bai san ƙarami ba ne. An rage masa tsawo da faɗi, amma ba a rage wa ruwa da wuta halinsu ba. Idan allurar geji ta kai fam 40 a kan kowane murabba'in inci, ruwan da ke cikin tukunyar ya haura digiri 140 na zafi a ma'aunin Salshiyas. Yatsuna sun tabbatar da haka fiye da sau ɗaya. Ƙanƙantar ma wani lokaci ita ce matsalar: ƙaramar tukunya tana da fata mai yawa idan aka kwatanta da ruwan da take ɗauke da shi, don haka zafi na saurin tsere mata. Jirgin da ya ja tarago shida jiya cikin nishaɗi zai iya kasa jan huɗu yau, don kawai iska na kaɗawa. Ita ma butan tana da nata halin. Kusan a digiri sifili take tafasa, saboda haka da safiya mai sanyi wutar takan yi rauni, tana ɗan kuka kamar mai jin barci, sai tankin ya ɗumama sannan ta miƙe. Na ɓata makonni ina zargin bakin murhun da toshewa, ina tsokana shi da siririyar waya, alhali yanayi ne kawai. Ƙarshenta ma na faɗaɗa ramin da wayar, dole na sayi sabo.

Shirin tashi yana da tsari, kuma na raina shi har sai da ya kusa jawo mini asara. Ana zuba man tururi, wato man da ke shafe cikin silinda, a zuba ruwa, a cika gas, a ɗiga wa gaɓoɓin ƙafafu mai marar kauri. Ba a cika tukunya maƙil; ana cikawa ne sannan a zuƙe kaɗan da sirinji don tururi ya sami wurin taruwa. In ba a bar wannan sarari ba, ruwa ne zai bi bututu zuwa silinda, jirgin ya riƙa tari yana feshi. Ruwan ma ba kowanne ba. Na famfo yana barin farin dutse a cikin tukunya, shi ya sa na koma tataccen ruwa ko ruwan sama da na tace.

Kuskuren da na yi shi ne wannan. Masu ƙera irin jirgin nawa sun auna tankin gas yadda wuta za ta mutu kafin ruwa ya ƙare. Wata rana ina cikin jin daɗi, wuta ta mutu, na ƙara gas na sake kunnawa ban ƙara ruwa ba. Bayan 'yan mintoci jirgin ya rage gudu, allura ta faɗi, sai ƙaurin fenti ya bugi hancina. Na kashe wuta da sauri, na zauna na zuba masa ido har ya huce da kansa, don na san zuba ruwan sanyi cikin busasshiyar tukunya mai zafi ƙara ɓarna ne. Allah ya taimake ni tukunyar ba ta yi komai ba, amma tabon ƙunar yana nan a gefenta, ban shafe shi ba. Tun daga ranar, duk lokacin da hannuna ya kai ga gwangwanin gas, kwalbar ruwa na fara ɗauka.

Wurin da na fi shan wahala kuwa shi ne wata kwana da ke bayan shukoki. Kullum jirgin ya iso nan sai ya ja numfashi ya tsaya. Na yanke hukunci cewa lokacin buɗewar bawul ɗinsa ne ya goce. Tsarin bawul ɗin irin na Walschaerts ne, wanda wani injiniya ɗan Beljiyam ya ƙirƙiro a 1844, mai sanduna da yawa da ke motsi tare. Na kwance shi da ƙaramin sani, na juya nan na matsa can, na mayar. Jirgin da ke tsayawa a wuri ɗaya ya koma yana ɗingishi a ko'ina, baya kuma ya ƙi zuwa gaba ɗaya. Garin neman ƙiba na samo rama. Kwana uku na yi kafin na dawo da shi yadda yake, ina leƙa ramukan tururi ina juya ƙafa a hankali don in ga gaba da baya suna buɗewa daidai.

Da dattijon nan ya sake zuwa, ko kallon jirgin bai yi ba. Ya ce in ba shi ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, ya ɗora a kan layin. Ashe ƙasa ta zauna bayan ruwan sama, kwanar ta koma hawa, ga shi layin waje ya fi na ciki sauka. Ya ce, "Ka ga mai laifin." Na ce, "Baba, ai ni na shimfiɗa shi." Ya yi dariya ya ce shi ya sa ban gan shi ba. Laifi tudu ne, aka ce, sai dai nawa tudun na gaske ne, da tsakuwa da komai.

Jirgin lantarki yana ɓoye irin wannan aibi, domin injinsa na riƙe gudu kusan ɗaya a hawa da gangara. Mai tururi ba ya rufa wa kowa asiri. Buɗin hanyar tururi da ya ishe shi hawa tudu shi ne zai sa ya kwasa a guje a gangara ya kife a kwana ta gaba. Yini ɗaya na yi ina ɗaga layin ina cusa tsakuwa, matsalar da na kwance inji dominta ta ɓace.

Bayan haka ne na shiga gyare-gyaren ƙawa da na aiki, kuma nan ma sai da na yi tuntuɓe. A mako guda na sa masa rimot, na canza bututun fitar tururi don ya riƙa "caf-caf" da ƙarfi, na ƙara masa nauyi a gaba. Da ya fara rasa ƙarfi, ban san wanne daga cikin ukun zan kama ba. Sai da na cire su duka na riƙa mayarwa ɗaya bayan ɗaya, sannan na gano sabon bututun ne ya matse hanyar fita, tururin da ya gama aiki yana tura fistin baya. Yanzu ina da ɗan littafi da ya yi baƙi da mai. Gyara ɗaya nake yi, in kunna jirgi, in rubuta minti nawa ya ɗauka kafin allura ta hau, tarago nawa ya ja, yaya iska take a ranar. Ba aiki ne mai armashi ba, amma ya rage mini gardama da kaina.

Rimot ɗin dai ya biya kuɗinsa, ko da yake na san masu ganin ya rage wa abin daɗi, kuma ban ce sun yi kuskure gaba ɗaya ba. Akwai wani abu a bin jirgi da ƙafa kana murɗa masa hannun sarrafa tururi da yatsa yana tafiya. Abin lura kawai shi ne ƙananan injinan rimot da ke juya hannuwan ba sa son zafi, nesa da tukunya ake ɗaura su. Fenti kuma ba ya kama tagulla sai an wanke maiƙo tas an fara shafa share-fage mai cin ƙarfe. Na farko da na yi ya ɓare kamar ɓawo a zagaye na biyu.

Man tururi ya cancanci a tsaya a kansa, don dabarar da ke ciki tana burge ni har yau. Ana zuba shi ne a wani ɗan ƙaramin tulu a kan hanyar tururi, ba famfo, ba komai mai motsi. Tururi kaɗan ya shiga ciki ya koma ruwa, ruwan ya nutse ƙasa saboda ya fi mai nauyi, man ya taso ya bi tururi zuwa silinda. Bayan kowace tafiya sai a zubar da ruwan da ya taru a ƙara mai. Idan ka buɗe ka tarar da man yana nan cif, to silindojinka a bushe suka yi aiki. Man mota ba ya maye gurbinsa, tururi na wanke shi ya tafi.

Akwai wuri ɗaya da na haramta wa kaina, wato tukunya da bawul ɗin kariyarta, wanda ke sakin tururi idan ƙarfinsa ya yi yawa. Tukunyar da azurfa ake like ta, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 600, yayin da dalmar masu gyaran rediyo ke narkewa tun wajen 183. Wanda ya toshe ɗigo da dalma ya ɗana wa kansa tarko. Gwajin tukunya ma da ruwan sanyi ake yi, a matsa shi da famfo ya wuce ƙarfin aikinta, domin in ta fashe da ruwa tsiyaya kawai za ta yi, in kuwa da tururi ne, labarin daban. Na taɓa jin sha'awar ƙara ɗaure bawul ɗin don jirgin ya ja tarago takwas. Na ɗauki sifana, na tsaya, na ajiye ta, na cire tarago biyu.

A satin nan silindar dama ta fara zufa a wurin da sandar fistin ke fita. Ina zaton zoben roba ne ya gaji. Na sayo sabo yana kan tebur, amma ban kwance komai ba tukuna. Na rubuta a littafi, kuma ina so in kunna shi sau biyu a ranar da babu iska, in ga ko ɗigon yana tsayawa bayan ƙarfen ya yi ɗumi.