Salsalar gidanmu ta tsallake mace ɗaya

A shekarata ta ƙarshe a sashen tarihi na Jami'ar Ngaundare da ke Kamaru, na zaɓi in rubuta kundina a kan kakan babana, bafataken da aka ce ya taso daga Kano da jakuna, ya biyo ta Yola, ya sauke kaya a nan bai sake komawa ba. Na ɗauka aikin sati biyu ne. Gidanmu ne fa.

Da zaure na fara. Baffannina suka jero mini salsala tiryan-tiryan, wane ɗan wane har kaka bakwai, babu mace ko ɗaya a ciki. Da na tambayi shekaru kuwa, kowa da tasa. Ko takardar haihuwar kakana ta zamanin Faransawa, "wajen 1915" aka rubuta, wato ma'aikaci ya dube shi ya kintata.

Malamin da ke duba aikina ya ce in daina tambayar tsofaffi shekara, in tambaye su abin da ya faru, kuma in shiga cikin gida.

Na tarar da Gwaggo babba tana tsince shinkafa a faifai. Na ajiye waya a gefen tabarma tana naɗar magana, ta harare ta, ta ci gaba da aikinta. Sunan mutumin ma ta ƙi faɗa, don ɗanta na fari shi ya ci sunan. Madugu kawai take cewa. Amma a bakinta na sami abin da zaure ya kasa ba ni: kakarta, matar Madugu, ta sha gaya mata tana goyon fari Jamusawa suka shigo gari. Wannan 1901 ke nan. Ashe Madugu ya riga Turawa zama a nan, kuma kakana auta ne. Daga baya ta sa aka fito da wata tsohuwar gafaka, a ciki akwai takardar ajami da gara ta ci gefenta, lissafin bashin kanwa da goro, da sunayen garuruwan masu bashin.

A zama na uku na ce, "Gwaggo, ita kakar taku 'yar wane gida ce a Kano?"

Ta dakata da tsintar. "Wa ya ce maka daga Kano ta zo? 'Yar Mbum ce. Sayo ta aka yi. Har ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba."

Mbum su ne mutanen da Fulani suka tarar a wannan tudu. Na karanta haka a aji, na amsa a jarrabawa, ban taɓa kawowa jininsu na yawo a jikina ba.

Da na kai wa babban baffana maganar, ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ɗana, garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta. Wannan ba na takarda ba ne." Na fahimce shi. A garin nan har gobe ana bincika asali kafin a ba da aure, kuma yana da 'ya'ya mata.

Na kwana biyu ina juya abin. Kalmar saye ban sa ta a kundi ba, tana cikin wayata a muryar Gwaggo. Amma na zana wa matar gurbi kusa da Madugu, na rubuta Mbum a ƙasa. Wurin suna na bar shi fili, don Gwaggo ma Inna kawai ta san ana kiranta.