Fargabar da Na Ɓoye Wa Iyalina

Ina da shekara 63 aka tabbatar mini da ciwon daji a furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Daga Kaduna aka tura ni asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda aka ɗora ni a kan allurar da ake yi a fatar ciki duk bayan wata 3, domin ta rage sinadarin testosteron da ciwon yake dogara da shi wajen girma.

Tun farko likita ya gaya mini cewa zan riƙa jin zafi yana taso mini, da gumin dare, da kasala, kuma sha'awa za ta kwanta. Duk sun faru, na kuma jure. Abin da ya fi ƙarfina shi ne jiran sakamakon gwajin jini na PSA, wanda ke nuna ko maganin yana ci. Da zarar saura mako guda sai barci ya ƙaurace mini, kowane ɗan ciwon baya kuwa sai zuciyata ta ce ciwon ne ya kai ƙashi. A motar Kawo zuwa Zariya har lissafin rabon gado nake yi a raina.

Ban gaya wa kowa ba, saboda a ganina dattijo ba ya cewa yana jin tsoro, kuma ina zargin kaina da raunin tawakkali. Kuskurena ke nan. Uwargida ta ɗauka juya mata baya na yi, har wani dare ta ce, "Malam, in laifi na yi maka, ka faɗa mini." A daren ne na fayyace mata komai, har da abin da allurar ta yi wa mazantakata, maganar da na fi jin nauyinta.

Da ita muka koma asibiti. Likita ya ce, "Baba, allurar kanta tana taɓa yanayin zuciya, kuma damuwa ma ana maganinta," sannan ya haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa, wanda da farko na ƙi gani don kada a ce na taɓu. Wani malami kuma ya bayyana mini rangwamen da shari'a ta yi wa mai yoyon fitsari irina, sai na koma sallar jam'i bayan na daɗe ina yi a ɗaki.

Har yanzu gabana yana faɗuwa idan ranar gwaji ta matso. Sai dai yanzu ina rubuta tambayoyina a takarda tun daga gida, ina tattaki bayan sallar asuba, kuma Hajiya ce take fara buɗe takardar sakamakon.