Alhamdulillah shagona na intanet ya dawo, ga godiyata

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar Juma'a nake son in zauna in rubuta wannan amma haɗa oda ya hana ni sakat, Alhamdulillah. Shagon atamfa da leshi da na daɗe ina muku alƙawari ya buɗe a intanet, kuma wannan karon komai nasa da sunana yake.

Waɗanda muka daɗe tare sun san abin da ya same ni a baya. Wani yaro na gani a Instagram yana tallan haɗa shafi, ban taɓa sa shi a ido ba na tura masa kuɗin gaba ɗaya saboda ya ce zai min ragi. Shafin kam ya yi shi kuma ya yi kyau, amma ashe sunan shafin, wato domen, da imel ɗinsa ya saya, hostin ma, wato wurin da ake biya a ajiye shafin a intanet, haka, ni abin da ya miƙo min kawai wurin saka hoto da farashi. Da shekara ta zagayo lokacin sabuntawa ya yi, saƙon tunatarwa can wurinsa yake zuwa, layinsa kuma a kashe, sai wata safiya kwastomata ta Kaduna ta kira ta ce Hajiya lafiya shafinki ba ya buɗewa? Hotunan kaya da lambobin masu oda da adireshin da na buga a jikin leda da kati duk suka salwanta a rana ɗaya. Wlh na yi kuka ba kaɗan ba. Ba zan kama sunansa ba, na bar shi da Allah.

Godiyata ta farko ga ƙanena autanmu da ya karanta kwamfuta a BUK. Ranar da na ce masa na haƙura da harkar intanet ya ce, Yaya in kika kama shago a Kwari kina barin takardar haya da makulli a hannun kafintan da ya buga miki kanta? Maganar nan ta zauna min. Shi ya zaunar da ni muka buɗe sabon imel na kasuwanci kaɗai, muka sa masa tsaro mai mataki biyu yadda sai lamba ta shigo wayata ake shiga, sannan da hannuna da katina na sayi domen mai .com.ng wurin ɗaya daga cikin kamfanonin da NiRA, mai kula da sunayen shafuka na .ng, ta amince da su, hostin ma ni na biya, rasit ɗin duk yana imel ɗina. Ba mu nemi mai aiki ba sai da aka gama wannan. Auta Allah ya yi maka albarka ya ba ka mata tagari.

Abban yara, kai ka yi ta zirga-zirga har rajistar sunan kasuwanci ta CAC ta fito, ka raka ni banki aka buɗe asusu da sunan shagon, kuma ko sau ɗaya ba ka yi min gorin kuɗin da suka tafi ba. Na gode, Allah ya ƙara rufa asiri. Da wannan takarda da BVN ɗina na buɗe Paystack, wato hanyar karɓar kuɗin kwastoma ta intanet, da kaina, kuɗin kwastoma asusuna suke faɗawa kai tsaye ba sa bi ta hannun kowa.

Sai Injiniya da ya yi aikin. Gaskiya na shigo masa da tsoro da tambayoyi masu yawa amma bawan Allahn nan bai taɓa ɓata rai ba. Na ce ina son jin ta bakin waɗanda ya yi wa aiki, nan take ya ba ni lamba uku, na kira su duka, har wata mai turaren wuta ta ce min shekararta biyu da shi in shafi ya samu matsala yana ɗaga waya. Muka rubuta yarjejeniya a takarda da shaidu biyu, abin da zai yi da ranar gamawa da gyara kyauta na wata ɗaya bayan miƙawa, kuɗi kuma kashi uku, kafin alƙalami, sai na biyu in na ga shafin yana aiki a wayata, na ƙarshe bayan ya miƙa komai. Da manhajojin haɗa shafi WordPress da WooCommerce ya gina shi, ya ce ko gobe ba ya nan wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya, kuma ya ƙi saka manhajojin satan nan da ake saukewa kyauta a intanet, ya ce ta cikinsu ɓarayi ke shigowa. Fasawod ɗina bai taɓa tambaya ba, asusu daban aka buɗe masa a cikin shafin, Paystack ma makullin gwaji, wanda ba ya taɓa kuɗin gaske, kawai ya yi aiki da shi, na gasken ni da Auta muka saka. Ranar miƙawa shi da kansa ya ce Hajiya goge asusuna a gabana ki canza duk fasawod, ya nuna min inda kwafin shafin yake ajiyuwa a Google Drive ɗina, ya kuma ɓata yini biyu yana koya min saka kaya da duba oda. Injiniya Allah ya sa albarka a sana'arka, duk wadda ta tambaye ni kai zan nuna mata.

Ku kuma kwastomomina da kuka bi ni WhatsApp duk tsawon watannin nan kuna turo kuɗi bisa amana ba ku gudu ba, ban san da wane baki zan gode muku ba. Odar farko a sabon shafin daga Maiduguri ta zo, leshi biyu da atamfa turmi uku, jiya da safe aka kai tasha. Ranar sabunta domen na rubuta ta a kalandar ɗaki na kuma sa a waya. Adireshin yana kan sitatus ɗina, gobe in sha Allahu zan ɗora sababbin kaya bayan la'asar.