Cuku mai gishiri, busasshen nama, da abin da nake zubawa a kofina a Reggio Emilia

A wannan yanki na arewacin Italiya ba a yanka cukun Parmigiano Reggiano, fasa shi ake yi. Akwai wata 'yar guntuwar wuƙa mai faɗin ciki da tsinin baki, a soka ta a murɗa kaɗan, sai cukun ya ɓalle da kansa gutsure-gutsure. A masana'antar da nake aiki, dunƙule guda yana cin madara wajen lita 550, ya fito da nauyin kilo 40 ko kusa da haka. Mukan tsoma shi cikin ruwan gishiri kimanin kwana 20, sannan ya hau kanta ya zauna aƙalla wata 12. Wanda ya kai wata 24 ko 36, idan ka tauna za ka ji wasu 'yan ƙwayoyi suna ƙaras-ƙaras a haƙori. Baƙi sukan ɗauka gishiri ne, alhali furotin ɗin madarar ne ya daskare saboda daɗewa.

Duk ranar da abokan aiki suka haɗa ɗan zama, allon katako ake fara ajiyewa a tsakiyar tebur. A kansa akwai prosciutto na Parma, wanda cinyar alade ce da gishiri kawai, an rataye ta fiye da shekara. Akwai mortadella ta Bologna, da salame na Felino, idan kuma aljihu ya yi nauyi a ƙara culatello na Zibello. Duk alade ne. Har 'yar soyayyiyar fulawar da suke haɗawa da shi, gnocco fritto, a al'ada da kitsen alade ake soya ta, don haka ɗan'uwa Musulmi da ya zo sabo kada kumburinta ya ruɗe shi. Ni dai gefen cuku nake zama.

Abin shansu kuwa Lambrusco ne, jar giyar inabi mai kumfa da ake sha da sanyi, ta Sorbara ko ta Castelvetro. Ba na shan giya, amma kunnena na nan, kuma Baitaliye idan ya fara bayanin abinci sai dai ka gaji ka tashi. Dattijon da ke shugabantar mu wajen dafa madara yakan ce maiƙon nama shafe harshe yake yi, bayan loma biyu ba ka ƙara jin ɗanɗanon komai, to tsamin Lambrusco da kumfarta su ne ke wanke bakin, loma ta gaba ta zo kamar ta farko. Yana kuma yi wa masu yawon buɗe ido dariya idan suka sayi Barolo mai tsada suka ɗora kan prosciutto. A cewarsa irin wannan giya mai nauyi tana da bauri, bauri kuma idan ya gamu da gishiri mai yawa ɗaci yake komawa, naman kuma ya ɓace a ƙarƙashinta. Wannan na gaskata shi, domin baƙin shayi mai kauri ma haka yake yi wa cuku mai gishiri. Kowa na iya gwadawa a gida.

To abin da na ɗauka daga wajensu ke nan: maiƙo na son tsami da kumfa, gishiri na son ɗan zaƙi, ba ya shiri da bauri. Babu inda aka ce sai da barasa wannan lissafi zai fita.

Naman da nake ci shi ne bresaola, na shanu, daga kwarin Valtellina a lardin Sondrio, can kusa da iyakar Suwizalan. Tsokar cinya ce marar kitse, a cuɗe ta da gishiri da barkono da ganyen ƙamshi na wasu kwanaki, a rataye ta makonni iska ta busar da ita, sannan a yanka siriri har kana hango haske ta ciki. Idan aka ce maka kilishin Turawa ne, kada ka sa rai da tunkuza da yaji, kuma ba ta taɓa ganin wuta ba. Laushi gare ta, ja wur. Abin da ya ba ni dariya, mafi yawan naman da ake yin ta da shi daga Burazil ake kawowa, na shanu masu tozo. A kwarin Valchiavenna da ke maƙwabtaka kuma suna busar da ƙafar akuya sukutum, mai yanka ya ɗora ta a kafaɗa yana goga wuƙa kamar mai kiɗan goge, shi ya sa suke kiranta violino di capra, wato gogen akuya. Sai dai a duba takardar jikin bresaola da kyau: wasu na zuba giya a cikin haɗin gishirin, ga kuma batun yanka. Ni a shagon wani mahauci ɗan Maroko nake saye, mai tambarin halal.

Yadda suke cin ta ya yi mini: a shimfiɗa a faranti, a watsa ganyen rucola mai ɗan yaji-yaji, a matsa lemun tsami, a ɗiga man zaitun, a kankare Parmigiano a kai.

Lemon kwalba bai dace da wannan faranti ba. Sukarinsa ya yi yawa, danne cukun yake yi, ka biya kuɗin mai wata 30 ka ji kamar na wata 3 kake ci. Abin da ya fi komai dacewa a wajena zoɓo ne, kuma ba sai an aiko mini daga gida ba, domin a kantunan Italiya ana sayar da shi da sunan karkadè. Sun san shi tun shekarun 1930, lokacin da aka sa wa gwamnatin Mussolini takunkumi kan mamaye Habasha, aka riƙa tallata shi a madadin shayi. Nakan dafa shi da kauri amma ba na barinsa ya daɗe a wuta, don kada baurin ya fito. Citta da kanumfari ba sa shiga, za su yi faɗa da cukun. Sukari cokali ɗaya a lita ya isa. Idan ya yi sanyi sai in zuba rabin kofi, in cike da ruwa mai gas. Ga tsami, ga kumfa, ga ja. Dattijon nan ya taɓa kurɓa ya gyaɗa kai, wanda a wajensa babban yabo ne.

Pecorino Romano kuwa wani sha'ani ne daban. Na madarar tumaki ne, yawancinsa a tsibirin Sardiniya ake yi duk da sunan Rum da yake ɗauke da shi, gishirinsa kuma ya ninka na Parmigiano nesa ba kusa ba. Zoɓo marar zaƙi ba ya iya masa. Wannan sai da zuma, ko yankan nunanniyar fiyar Turawa mai zaƙi (pear, ba avocado ba), ko ruwan inabi tatacce wanda bai fara tsami ba. Tsohon Parmigiano kuma, mutanen Modena kan ɗiga masa balsamico ɗinsu na gargajiya, wani ruwan tsami mai kauri da zaƙi wanda ake dafa ruwan inabi a ajiye cikin gangunan katako aƙalla shekara 12, wani ma 25 ko fiye. 'Yar kwalbarsa mililita 100 ce kacal, tsadarta kuwa sai ka riƙe baki, shi ya sa ɗigo biyu ake sa wa gutsure guda.