Mako na uku da kwamfuta mai furosesa biyu

Salamu alaikum, 'yan'uwana masu koyo. Mako uku ke nan ina fama da tsohuwar kwamfutar nan mai Pentium III guda biyu wadda na saya a wajen wani ɗan gwanjo kusa da Terminus a nan Jos, kuma sai daren Asabar na gano inda gizo ke saƙar.

Duk lokacin da na kwafi babban fayil zuwa faifan da ke haɗe da katin IDE na PCI (katin da ake sokewa a cikin kwamfuta domin haɗa faifai), sai aikin ya tsaya cak, daga baya Linux ya rubuta cewa kiran katsewar faifan ya ɓace. Wannan kira shi ne siginar da na'ura ke aika wa furosesa domin ta sanar da ita cewa ta gama aiki, kuma idan bai iso ba, kanel, wato zuciyar Linux, yana zaman jira har wa'adin ya ƙare.

Kwana biyar na ɓata ina bin wani saƙo daban, na kiran bogi a IRQ7 (layin kiran katsewa mai lamba 7), alhali ba shi da hannu a ciki. Tsohon guntun 8259A, mai karɓar kiran katsewa ya miƙa wa furosesa, yana da wata ɗabi'a: idan sigina ta tashi sannan ta janye kafin furosesa ta amsa, dole ya miƙa wata lamba, sai ya miƙa 7, guntu na biyu kuwa (domin guda biyu ne a kwamfutar) ya miƙa 15. Kanel yakan duba rajistar ISR, wadda ke nuna kiran da ake kan amsawa, ya ga babu komai, ya ƙyale. Abin da ya ruɗe ni shi ne IRQ15 ita ce kuma lambar tashar IDE ta biyu, shi ya sa na zargi faifai.

Da na tayar da kwamfutar da zaɓin noapic, wanda ke hana kanel amfani da I/O APIC (guntun da ke raba kiraye-kiraye tsakanin furosesa biyun), faifan ya yi aiki lafiya lau, amma a /proc/interrupts, fayil ɗin da ke ƙirga kiran katsewa, na ga dukkan kiraye-kiraye sun taru a furosesa ta farko, ta biyu kuwa sifili. Nan na fahimci katin lafiyarsa ƙalau. Teburin da BIOS (manhajar da ke fara tayar da kwamfuta) ke ba kanel ne yake nuna cewa katin yana kan wata ƙafar I/O APIC, alhali a kan wata daban yake bugawa. Na shiga BIOS na mayar da MPS, wato tsarin wancan teburin, daga 1.1 zuwa 1.4, na cire noapic, na sake kwafar fayil ɗin sau goma ba tare da tsayawa ba. Da gangan ban taɓa ramin katin ba, domin a makon farko na canza abubuwa uku a lokaci guda na rasa wanne ya yi tasiri.

Saƙon IRQ7 yana nan yana leƙowa jefi-jefi, na bar shi. Abin da ya rage shi ne kebul: nawa mai waya 40 ne, wanda ke taƙaita gudun faifan a UDMA/33, wato kusan megabayit 33 a daƙiƙa, don haka ranar Litinin zan koma Terminus neman mai waya 80.