Kashe ƙwayar cuta daban, warkar da gyambo daban

A ɗakin gwaji, kashe bakteriya ba shi da wuya. Ko ruwan bilicin wanke farin kaya zai yi. Wahalar tana wajen kashe ta a cikin ciwon mutum ba tare da an haɗa da sabon naman da ke tsirowa ba. Wannan shi ne babban abin da aikin digirina na biyu a nan Katsina ya koya mini, inda muke haɗa ledar ɗaurin ciwo daga folima, wato irin sinadarin da ake yin leda da roba da shi.

Mun taso da cewa ciwo sai ya sha iska ya bushe. Amma tun 1962 wani Baturen Ingila, George Winter, ya gwada a jikin alade, ya ga fata ta fi saurin rufewa, kusan ninki biyu, in an lulluɓe ciwon ya zauna da danshi. Ƙwayoyin fata rarrafe suke daga gefe zuwa tsakiya, busasshen ɓawo kuwa tare musu hanya yake. Matsalar ita ce danshin da nama ke so, shi bakteriya ma ke so. Shi ya sa ake neman abin ɗaurin da zai riƙe danshi kuma ya yi gadi.

Mu da kaitosan muke aiki. Daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake samo shi, bayan an dafa a soda mai ƙarfi. Asalin sinadarin yana jikin ƙwari ma, har da farar da ake soyawa da yaji a kasuwa, kuma ina ganin nan gaba can ya kamata mu 'yan Arewa mu duba tunda ba mu da teku. Muna narkar da garin a ruwan asid ɗin binega mai rauni, mu ɗiga gilisarin don ya yi laushi, mu zuba a faranti ya bushe.

Daga nan sai gwajin da kowane ɗalibi ke ɗoki. A shafa bakteriya irin su Staphylococcus aureus ko Pseudomonas aeruginosa a faranti, a ɗora 'yar gutsuren leda a tsakiya, a bar shi ya kwana a zafin digiri 37, da safe a auna da'irar da ta fita fes kewaye da ledar, inda bakteriya ba ta tsiro ba. Ledar kaitosan zalla sau da yawa ba ta ba da da'irar kirki, don ba ya yaɗuwa. Cajin lantarkinsa ne ke manne wa bangon bakteriya ya huda shi, sai wadda ta taɓa shi kawai. Ɗaga ledar ka duba ƙarƙashinta, wayam. Ita kuwa wadda aka sa wa azurfa, da'ira take buɗewa mai daɗin ɗauka a hoto, kuma ƙara azurfar, ƙara faɗin da'irar. Malaminmu kan kalli rula a hannunmu ya ce, "To, kun kashe su. Naman fa, wa ya tambaye shi?" Gaskiyarsa. Azurfar da ta yi yawa tana kashe ƙwayoyin da ke saƙa sabon nama. Man ƙunan nan mai azurfa da aka fito da shi a 1968 har yau yana asibitoci, amma bincike ya nuna yakan jinkirta warkewar ƙunan da ba ta yi zurfi ba.

Faranti kuma ba gyambo ba ne. A tsohon gyambo, irin na ƙafar mai ciwon suga, bakteriya kan gina wa kanta wata yauƙi ta shige ciki kamar gara a shuri, magani ya yi ta yawo a waje. Sai an kankare an wanke kafin kowace leda ta yi amfani.

Rabin karatun a ɗakin diresin na wani asibiti na same shi, da hunturu, lokacin da ƙunar ruwan zafi da ta jin ɗumi ke yawa. Ana kawo yara an riga an shafa musu man goge baki ko ɗanyen ƙwai. Na ga an jiƙa bandeji da ruwan gishiri, ana ɗagawa a hankali, amma zaren ya shige cikin jan naman, kowane ja sai jini, uwar ta kau da kai. Na nuna wa babbar nas ɗin ledarmu a cikin takarda. Ta lanƙwasa ta, ta ɗaga wa haske, ta ce, "Ɗana, tambaya biyu: in na zo cirewa za ta biyo da nama? Kuma nawa ce?"

Na ce, "Mama, muna kai tukuna."

Ba ta tambayi faɗin da'ira ba. Ta kuma ce ciwo mai zubar da ruwa da busasshe ba abinci ɗaya suke ci ba. Haka yake: aljinet, da ake samu daga ciyawar teku, yana shan ruwa ninkin nauyinsa da yawa ya zama kunu-kunu, amma a busasshen ciwo mannewa yake.

Yanayinmu ma yana da ta cewa. Haɗin da aka rubuta a Turai, in ka bi shi sak da hunturu, ledar karyewa take a hannu. Ƙara gilisarin, damina ta zo, ta yi danƙo ta manne wa takardarta. Dole a gwada ajiya a hunturu da bazara da damina.

Inda muka tsaya yanzu shi ne tsarkakewa. Tukunyar tururi mai digiri 121 tana rina ledar ta canza mata ƙarfi. In ka sa zuma kuwa, zafi na lalata sinadarin da ke sa ta kashe ƙwayar cuta, shi ya sa zumar asibiti da hasken gamma, mai ratsa abu ya kashe ƙwayar cuta, ake tsarkake ta, wanda ba mu da shi kusa. Bayan wannan akwai gwaji a kan ƙwayoyin fata, sai dabbobi, sai izinin kwamitin ɗa'a, sai NAFDAC. Har yau ledarmu ba ta taɓa jikin mutum ba, kuma duk wanda ya roƙe ni gutsure don gyambon ɗan'uwansa, asibiti nake tura shi.